Ƙwanson Kilwa da Rikicin Sanyin Tekunan Tsakiyar Duniya

A shekarar 2001 mujallar kimiyya ta Nature ta buga rahoton wani bincike da Paul Pearson, wanda a lokacin yake Jami'ar Biristol ta Ingila, ya jagoranta tare da abokan aiki bakwai, cikinsu har da Joyce Singano ta hukumar bunƙasa man fetur ta Tanzaniya da Nicholas Shackleton na Jami'ar Kambirij. Abin da suka auna ƙananan ƙwanso ne na wasu halittun teku, kowanne bai wuce ƙwayar yashi ba, waɗanda aka wanko galibinsu daga yumɓun gaɓar tekun kudancin Tanzaniya. Sakamakon ya nuna cewa a ƙarshen zamanin Kiretashiyos da kuma cikin zamanin Iyosin, wato wasu zamunna na tarihin ƙasa da suka shuɗe da gomman miliyoyin shekaru, zafin saman teku a yankunan tsakiyar duniya ya kai aƙalla digiri 28 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas. Kafin wannan lokaci, kusan shekara ashirin masana suna riƙe da digiri 15 zuwa 23, kuma daga irin wannan ƙwanso da irin wannan awo suka samo shi. Tazarar da ke tsakani ta kai digiri goma, wato fiye da yadda za a ɗora ta a kan kuskuren na'ura. Wannan nazari zai bi diddigin yadda aka yi awo mai kyau ya ba da amsa marar kyau, da yadda yumɓun Kilwa, wani gari a wannan gaɓa ta Tanzaniya, ya tona abin da ya faru.

Halittar da ma'auninta

Foraminifera halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya, wadda take gina wa kanta gida mai ɗakuna da sinadarin kalsait, wato irin sinadarin da ake samu a alli da dutsen farar ƙasa. Wasu nau'o'inta suna zaune a ƙasan teku, wasu kuma suna yawo a cikin ruwan sama, inda hasken rana ke kaiwa. Masu yawon ba sa daɗewa a raye, makonni kaɗan ne, kuma idan suka mutu sai ƙwansonsu ya nutse ya kwanta a ƙasa, wani a kan wani, har tsawon miliyoyin shekaru. A wurare da yawa na zurfin teku, akasarin lakar da ke kwance daga irin wannan ƙwanso da ɓurɓushin wasu ƙananan tsirran ruwa ta taru.

Tun 1947 Harold Urey na Jami'ar Shikago ya nuna cewa ana iya karanta zafin ruwa daga kalsait. Oksijin yana da nau'i mai nauyi, oksijin-18, wanda bai wuce kusan ɗaya cikin ɗari biyar ba, sauran kuwa kusan duka oksijin-16 ne mai sauƙi. Yayin da halitta ke gina ƙwansonta a ruwan sanyi, takan ɗebi mai nauyin da ɗan yawa. Idan ruwan ya yi ɗumi sai rabonsa ya ragu. Samuel Epstein da abokan aikinsa suka daidaita wannan ma'auni a farkon shekarun 1950, inda aka ga cewa ƙarin digiri ɗaya yana rage mai nauyin da ɗan abin da ya haura kashi 0.2 cikin dubu. A 1955 Cesare Emiliani ya yi amfani da hanyar a kan foraminifera na zamanin ƙanƙara na baya-bayan nan. Sharaɗi guda da kowa ya sani tun farko shi ne sai an san yanayin oksijin na ruwan da kansa, domin idan ƙanƙara ta taru a doron ƙasa takan tsare oksijin mai sauƙi, ta bar teku da mai nauyi. Shackleton ne ya fito da girman wannan matsala a 1967. Amma a zamanin Iyosin na farko babu manyan tsaunukan ƙanƙara, saboda haka lissafin ya zo da sauƙi: ana ɗauka cewa ruwan teku ya fi na yau sauƙi da kusan kashi 1 cikin dubu.

Akwai sharaɗi na biyu wanda ba a cika furta shi ba saboda ana ganin a bayyane yake: wajibi ne kalsait ɗin da ake aunawa ya kasance shi ne wanda halittar ta gina da ranta. A nan gizo yake saƙar.

Yadda rikicin ya taso

Daga 1968 jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya fara ciro dogayen sandunan laka daga ƙasan teku, daga 1985 kuma JOIDES Resolution ya karɓi aikin. Lakar da ta fi burge masu nazarin yanayi ita ce fara tas ta tsakiyar teku, nesa da gaɓa, domin cike take da ƙwanso, babu datti daga koguna, kuma shimfiɗunta suna jere babu tsallake. Da aka auna foraminifera na zamanin Iyosin, wanda ya faro shekara miliyan 56 da suka wuce ya ƙare wajen miliyan 34, sai aka ga abubuwa biyu. Ruwan ƙasan teku, wanda yau bai wuce digiri biyu zuwa uku ba, a lokacin ya kai kusan digiri 12, kuma tun da ruwan zurfi daga yankunan ƙuryar duniya yake gangarowa, ma'anar ita ce can ɗin ma da ɗumi. Wannan ya dace da abin da aka tono a tudu. A tsibirin Ellesmere na arewacin Kanada, can cikin yankin da rana ke ɓacewa na tsawon watanni, an samu ƙasusuwan dangin kada da manyan kunkuru na wannan zamani. Abu na biyu kuwa shi ne ya rikita lissafi: saman tekun tsakiyar duniya ya fito da sanyi, ƙasa da digiri 27 zuwa 29 da ake gani a yau. Shackleton da Anne Boersma sun ba da irin wannan hoto a 1981, James Zachos da abokan aikinsa suka ƙarfafa shi da bayanai masu yawa a 1994, sannan a 1996 Steven D'Hondt da Michael Arthur suka sami irinsa a ƙarshen zamanin Kiretashiyos, suka raɗa wa matsalar sunan da ya bi ta, wato abin ɗaure kai na sanyin yankunan zafi.

Dalilin da ya sa abin ya zama ɗaure kai shi ne iskar kabon dayoksaid ba ta zaɓen wuri. Idan ta yi yawa a sararin samaniya har ta ɗumama ƙuryar arewa da ta kudu, to dole ta ɗumama tsakiya ma, ko da ba daidai wa daida ba. Duk wani kwaikwayon yanayi da aka gwada a kwamfuta tun zamanin Eric Barron a shekarun 1980 haka ya nuna. Don a samu duniya mai ɗumin gefe da sanyin tsakiya, sai an ɗauka cewa teku na kwasar zafi daga tsakiya zuwa gefe fiye da yadda take yi a yau nesa ba kusa ba. Amma abin da ke tura wannan jigila shi ne bambancin zafi tsakanin wuraren biyu, ga shi kuma bayanan suna cewa bambancin ya ragu. An nemi mafita ta hanyoyi daban-daban, an yi maganar ruwan gishiri mai ɗumi da ke nutsewa daga yankunan zafi, an yi maganar wata dabarar gizagizai da ke hana saman teku wuce wani mataki. Lokacin da Matthew Huber da Lisa Sloan suka gwada kwaikwayon da ya haɗa teku da iska a 2001, jigilar zafin ba ta ƙaru yadda ake buƙata ba.

Masu nazarin burbushin halittu su ma ba su gamsu ba. A 1990 Adams da Lee da Rosen sun tattara shaidar murjani mai gina tsibirai, da itatuwan bakin teku masu jure gishiri, da manyan foraminifera na ruwa marar zurfi, suka nuna cewa waɗannan halittu sun bazu sosai a zamanin da ake cewa tsakiyar duniya ta yi sanyi. Murjanin tsibirai a yau ba ya bunƙasa inda ruwa ke sauka ƙasa da kusan digiri 18. A ganina, a nan ne fagen ya yi sakaci mafi girma. An sami shaidu biyu da suka saɓa wa juna, sai aka fifita wanda ya zo da lambobi a kan wanda ya zo da siffa, alhali lambar tana da rauni da ba a bincika ba.

Abin da ke faruwa da ƙwanso bayan mutuwa

Zargin bai fara daga 2001 ba. Tun 1983 John Killingley ya yi lissafin yadda sake daskarewar kalsait a cikin laka zai iya karkatar da awon oksijin, kuma Daniel Schrag ya faɗaɗa wannan lissafi a shekarun 1990. Bayanin ba shi da wuyar fahimta. Bangon ƙwanson foraminifera an gina shi ne da ƙwayoyin kalsait ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su kai maikiron ɗaya ba, wato ɗaya cikin dubu na milimita, kuma irin waɗannan ba su da kwanciyar hankali a fuskar sinadari. Idan suka kwanta a cikin farar laka mai ramuka, wadda ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, sai su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan suna sake daskarewa a wuri guda a matsayin manyan ƙwayoyi. Sabon kalsait ɗin kuwa a ƙasan teku aka haife shi, cikin sanyi da duhu, don haka zafin ƙasan teku yake ɗauke da shi.

A ɗauki misali don a ga girman abin. A ce halitta ta gina ƙwansonta a ruwa mai digiri 30, ta mutu ta kwanta a ƙasa mai digiri 10, sannan rabin bangonta ya sake daskarewa a can. Na'ura za ta niƙa duka biyun a haɗe ta ba da kusan digiri 20, kuma za ta maimaita wannan amsa sau goma ba tare da kaucewa ba. Yanzu a ɗauki 'yar'uwarta da ta rayu kusa da Antatika a ruwa mai digiri 13, ta kwanta a ƙasa mai digiri 10. Ko da rabin nata bangon ya sauya, amsar ba za ta motsa da fiye da digiri ɗaya da rabi ba. Wannan shi ne abin da ya sa kuskuren ya daɗe bai bayyana ba. Bai warwatsa lambobi ba balle a yi shakka. Ya matsa su ne duka zuwa gefe guda, ya fi matsawa a tsakiyar duniya, ya ragu a hankali zuwa ƙurya, har ya zana taswirar da ta yi kama da wani tsarin yanayi na gaske wanda ke neman bayani. Mutane masu basira sun shafe shekaru suna neman dalilin abin da bai taɓa faruwa ba.

Me ya sa ba a gani da ido ba? Domin sauyin yana faruwa ne a matakin da madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya kaiwa. Ƙwanson yana nan da ɗakunansa, da ƙofarsa, da ƙananan hudojin bangonsa, har ana iya faɗin nau'insa ba tare da tantama ba. A rahotannin haƙa ana rubuta cewa ya adanu da kyau, kuma a ma'aunin wancan lokaci gaskiya aka rubuta. Alamar da ke fili ita ce launinsa, fari fat kamar alli, haske ba ya ratsa shi. Da yake kusan duk tsohon ƙwanson da ake ciro daga zurfin teku haka yake, sai ido ya saba, aka ɗauka hakan ne asalinsa. Lissafin Schrag ya nuna cewa abin zai iya faruwa, amma lissafi kaɗai bai isa ya kawar da ɗaruruwan awo ba. Ana buƙatar ƙwanso na zamani ɗaya, na yankin zafi, wanda bai sauya ba. Paul Wilson da Bradley Opdyke sun sami wani abu mai kama da haka a 1996 daga tsaunukan ƙarƙashin Tekun Fasifik, Richard Norris da Wilson kuma suka sami wani a yammacin Atlantika a 1998, dukansu suna nuna ɗumi. Amma shaidar da ta fi cika daga Gabashin Afirka ta fito.

Yumɓun Kilwa

A gaɓar kudancin Tanzaniya, daga Kilwa zuwa Lindi, akwai shimfiɗun yumɓu masu kauri, launinsu tsakanin toka da kore, waɗanda suka taru tun ƙarshen Kiretashiyos har zuwa farkon Oligosin, zamanin da ya biyo bayan Iyosin. Yawancin masu zuwa Kilwa saboda kangayen tsohon birnin Kilwa Kisiwani suke zuwa, wanda Ibn Battuta ya ziyarta a 1331, amma ƙasar da ke kewaye da garin ta girmi birnin da shekaru miliyoyi. Yumɓun ya kwanta ne a ƙasan teku mai zurfin mita ɗaruruwa, a gefen nahiyar, lokacin da wurin yake wajen digiri 19 kudu da Ikwaita. Yau yana wajen digiri 9, domin Afirka ta matsa arewa. Abubuwa uku suka haɗu suka sa ya zama ma'ajiya ta musamman. Yumɓu ba ya barin ruwa ya ratsa shi, don haka kowane ƙwanso ya zauna a rufe kamar an liƙe shi. Kalsait ɗin da ke cikin lakar kaɗan ne, babu tarin da zai narke ya sake zubowa a kan maƙwabci. Sannan shimfiɗun ba su taɓa nutsewa can ƙarƙashin ƙasa inda zafi zai dafa su ba, kafin ƙasa ta ɗago su zuwa tudu.

Aikin fito da ƙwanson na haƙuri ne. Ana jiƙa gutsuren yumɓu a ruwa har ya saki, a zuba a rariya mai ido na maikiron 63, a wanke a hankali har ruwan ya fita garau. Abin da ya rage bai fi ɗan tsunkule ba. Idan ya bushe sai a baza shi a ƙaramin faranti baƙi a ƙarƙashin madubi, a jiƙa bakin siririn burushi irin na masu zane, a riƙa ɗaukar ƙwanso ɗaya bayan ɗaya, ana ware kowane nau'i daban, ana kuma ware girma daban. A nan ne bambancin ke fara bayyana. Ƙwanson Kilwa yana sheƙi, idan ruwa ya taɓa shi haske na ratsa bangonsa har a hango ɗakunan ciki, kamar wanda aka kamo da raga daga teku jiya. Idan aka fasa shi aka duba ɓarin a madubin ilektron, bangon sumul yake, ƙwayoyinsa ƙanana, hudojinsa a buɗe. Idan aka fasa takwaransa na farar lakar tsakiyar teku, sai a ga bangon ya cika da ƙwayoyi masu kusurwa, manya, sun cunkushe juna. Daga baya, a 2006, Philip Sexton da Wilson da Pearson suka tsara wannan bambanci, suka kira na farko mai kamar gilashi, na biyu kuma dusashe, kuma waɗannan sunaye biyu suka zama maganar yau da kullum a fagen.

Daga nan sai a zuba wa ƙwanson ruwan asid na fosforik, iskar kabon dayoksaid ta fito, a tura ta cikin na'urar da ke rarrabe nauyin ƙwayoyi. Nau'o'in da suka rayu a saman ruwa, irin su Morozovella da Acarinina, sun ba da oksijin mai sauƙi ƙwarai, wajen kashi 3 cikin dubu ƙasa da ma'aunin da ake kwatantawa da shi, wani lokaci fiye. Akwai kuma wata shaida da nake ganin ta fi lambar zafin kanta ƙarfi. A teku mai ɗumin sama, dole a sami tazara mai faɗi tsakanin mazauna sama da mazauna ƙasa-ƙasa irin su Subbotina, da kuma mazauna ƙasan teku. A samfurin Tanzaniya tazarar ta fito da faɗinta. A samfurin tsakiyar teku kuwa ta tsuke, kowa ya matso kusa da ƙimar ruwan ƙasa, daidai yadda za a zata idan an shafe su duka da kalsait iri ɗaya bayan mutuwa.

Ya kamata a tsaya a kan sunan Shackleton a jerin marubutan. Shi ne ya sa hannu a rahoton 1981 da ya taimaka wajen kafa hoton sanyin tsakiyar duniya, shi ne kuma ya sa hannu a na 2001 da ya rushe shi. Wannan hali ne da ya cancanci girmamawa.

Ƙorafe-ƙorafe da gwaji na biyu

Ba kowa ya miƙa wuya nan take ba, kuma masu ja suna da hujja. Yumɓu daga tudu yake zuwa, inda akwai yumɓu akwai koguna kusa, ruwan kogi kuwa oksijin ɗinsa mai sauƙi ne. Idan ruwan daɗi ya gauraya da saman tekun Kilwa, ƙwanso zai nuna zafin da babu shi. Haka nan samfurin farko daga bakin kwari da gefen hanya aka ɗebo shi, inda ruwan sama da rana suka daɗe suna aiki. An amsa ƙorafi na farko da cewa taron nau'o'in da ke cikin yumɓun na buɗaɗɗiyar teku ne, har da masu zama a zurfi waɗanda ba sa jure ruwa mai ƙarancin gishiri. Na biyun kuwa sai da aka haƙa.

Shirin haƙa na Tanzaniya ya fara a 2002, da haɗin gwiwar masana daga Birtaniya da Ayalan da wasu ƙasashe da hukumar man fetur ta ƙasar, ya ci gaba har 2009, aka haƙa ramuka kusan 40 a yankunan Kilwa da Pande da Lindi da injin da ake ɗorawa a mota. Sandunan yumɓun da aka ciro sun ba da damar gwada ma'aunai da ba su dogara da oksijin ba. Ɗaya daga ciki shi ne TEX86, wanda Stefan Schouten da abokan aikinsa na ƙasar Holan suka ƙirƙiro a 2002. Shi wannan kitsen fatar wasu ƙwayoyin halitta na teku yake dubawa, waɗanda ke ƙara zobba a cikin kitsen idan ruwa ya yi ɗumi, kuma babu ruwansa da kalsait ko gishiri. A rahoton 2007 a mujallar Geology, shi da oksijin sun tafi tare, suna nuna teku mai zafi sama da digiri 30 a mafi yawan zamanin Iyosin, wadda ba ta huce sosai ba ko da yankunan ƙurya suna ta sanyaya. Wani ma'aunin shi ne rabon magnesiyam da kalsiyam a cikin ƙwanso, wanda ke ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari a kowane digiri, sai dai yana buƙatar sanin yawan magnesiyam na tsohuwar teku, wanda bai kai rabin na yau ba idan aka kwatanta da kalsiyam. A 2018 David Evans da abokan aikinsa suka yi amfani da wata hanya da ke ƙirga yadda kabon mai nauyi da oksijin mai nauyi ke manne wa juna, hanyar da ba ta buƙatar sanin yanayin ruwan kwata-kwata, suka sami digiri 30 zuwa 36 a yankunan zafi na Iyosin.

Gwajin da ya fi gamsar da ni daga ɓangaren wanda ake zargi ya fito. A 2011 Reinhard Kozdon da abokan aikinsa na Jami'ar Wiskonsin suka koma kan dusassun ƙwanso na wurin haƙa mai lamba 865 a tsakiyar Fasifik, ɗaya daga cikin wuraren da suka ba da lambobin sanyi. Maimakon su niƙa ƙwanson gaba ɗaya, sai suka yanka shi, suka harba siririn tsinken ayon mai faɗin maikiron goma a kan 'yan wuraren da bangon bai sauya sosai ba. Waɗannan wurare sun ba da zafi mai tazarar digiri da dama sama da tsohon awo. Zafi da sanyi suna zaune a ƙwanso guda, kowanne a muhallinsa.

Abin da aka samu daga baya

Da aka amince da yumɓun, sai aka yi masa wasu tambayoyin. Daga sandunan Pande, Caroline Lear da abokan aikinta suka nuna a 2008 cewa saman tekun ya huce da kusan digiri 2.5 a daidai lokacin da ƙanƙara ta fara rufe Antatika, shekara miliyan 34 da suka wuce. A 2009 Pearson da Gavin Foster da Bridget Wade suka auna sinadarin boron a cikin ƙwanson, wanda ke nuna tsamin ruwa, tsamin ruwa kuma ke nuna yawan kabon dayoksaid na iska, suka ga ya sauko wajen kashi 760 cikin miliyan lokacin da ƙanƙarar ta bunƙasa. A 2016 Eleni Anagnostou da abokan aikinta suka kai awon baya zuwa farkon Iyosin, suka sami kusan kashi 1,400, wanda ya ragu zuwa kimanin rabi kafin ƙarshen zamanin. Don kwatanci, kafin zamanin masana'antu adadin 280 ne, yau kuma ya haura 420.

Sakamakon da ya fi tayar da hankali na 2014 ne. Tracy Aze da abokan aikinta sun auna ƙwanso ɗai-ɗai daga shimfiɗar iyakar Faliyosin da Iyosin, wato mashigar zamanin Iyosin, lokacin da kabon mai yawa ya kwarara cikin iska a ɗan gajeren lokaci. Oksijin ɗin wasu ya sauka fiye da kashi 5 cikin dubu ƙasa da ma'aunin da ake kwatantawa da shi, abin da ke nufin saman tekun ya ƙaru da fiye da digiri uku, kuma mai yiwuwa ya haura digiri 40. A wani babban sashe na wannan shimfiɗa ma ƙwanson ya ɓace gaba ɗaya, marubutan kuma suka kawo yiwuwar cewa tsananin yanayin ne ya kori halittun na wani lokaci. Tunanin cewa yankunan zafi suna da wani rufi na ɗabi'a da ba za su wuce ba ya rasa babbar madogararsa, kuma wannan magana ce da ta shafi duk wanda ke zaune tsakanin layukan zafi biyu na duniya.

Gyaran bai kashe rikicin gaba ɗaya ba, ya rage masa girma ne. Ko bayan an ɗaga zafin tsakiya, yankunan ƙurya suna nan da ɗumin da ya wuce zato. Haƙar da aka yi a Tekun Atik na ƙuryar arewa a 2004 ta nuna ruwan sama mai kusan digiri 23 a ƙololuwar zafin iyakar Faliyosin da Iyosin, an kuma sami ƙurar furen dabino da danginsa a lakar gaɓar Antatika ta gabas. Shekaru da yawa kwaikwayon kwamfuta ya kasa samar da irin wannan ba tare da ƙona tsakiya ba, sai a 2019 Jiang Zhu da Christopher Poulsen da Jessica Tierney suka matso kusa da wani kwaikwayo da ya inganta lissafin ƙananan gizagizai. Ƙiyasin da Gordon Inglis da abokan aikinsa suka haɗa a 2020 ya sa matsakaicin zafin duniya a farkon Iyosin wajen digiri 27, alhali kafin masana'antu wajen 14 yake.

Shi ma ƙwanso mai kamar gilashi bai tsira daga tuhuma ba. A 2022 wata tawaga a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Deyanira Cisneros-Lazaro, ta jiƙa ƙwanson foraminifera na zamanin yau a cikin ruwan da aka cika da oksijin-18, a zafi mai yawa, na 'yan kwanaki. Da aka duba, oksijin ɗin ruwan ya kutsa ko'ina cikin bangon ta tsakanin ƙwayoyinsa, ba tare da siffar bangon ta nuna wani sauyi a madubin ilektron ba, kuma yawan kutsawar ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Yanayin gwajin ya fi na yumɓun Kilwa tsanani, kuma daidaituwar ma'aunai masu zaman kansu a can tana ba da ƙarfin gwiwa cewa lambobin ba su yi nisa da gaskiya ba. Idan kuma wani musanye ya faru a cikin ruwan lakar ƙasan teku mai sanyi, to wajen sanyi zai ja awon, wanda ke nufin digiri 28 zuwa 32 da aka buga a 2001 yana nan a matsayin da marubutan suka ba shi tun farko, wato mafi ƙarancin abin da tekun ta kai.